Sashe ɗaya ne ko sassa? Littafin aikin gyaran alamar §

Litinin, 3 ga Fabrairu

Da safe Barista ta turo mini hoton wani shafi daga maƙalar da take tacewa, ta zagaye wani abu da jan biro a bayanan ƙasan shafin. Abin da manhajarmu ta fitar shi ne U.C.C. §§ 2–207. A ƙarƙashin hoton ta rubuta: "Injiniya, sassa 206 marubucin nan ya karanta ko guda ɗaya?"

Guda ɗaya ne. Sashe na 2-207 na U.C.C., wato kundin dokokin kasuwanci na bai-ɗaya da jihohin Amurka ke aiki da shi, wanda ke magana kan abin da zai faru idan wanda aka yi wa tayi ya amsa amma ya cusa wasu sharuɗɗa nasa. Lamba 2 ɗin nan tana nuna babi na biyu, na cinikin kaya, karan ɗorin da ke tsakiya kuma wani ɓangare ne na sunan sashen. Manhajar ta ga lamba, ta ga kara, ta ga wata lamba, sai ta yanke hukuncin cewa daga sashe na 2 ne zuwa na 207.

Ga wanda zai karanta littafin nan bayana: aikin manhajar shi ne marubuci ya zuba sunan doka da lambar sashe a gurbi, ita kuma ta tsara masa madogara daidai da salon da ya zaɓa. A salon Bluebook, wanda editocin mujallun shari'a na jami'o'in Columbia da Harvard da Pennsylvania da Yale ke fitarwa, sashe ɗaya yana ɗaukar §, sassa da yawa kuma §§. Don haka 42 U.S.C. § 1983, amma 28 U.S.C. §§ 1331–1332 (U.S.C. shi ne kundin dokokin tarayyar Amurka).

Ƙa'idar rarrabe tilo da jam'i na aro ta ne daga CSL, wato harshen da manhajoji irin su Zotero ke bayyana salon madogara da shi. A can alama tana iya zama jam'i kullum, ko tilo kullum, ko kuma a bar ta ta bi abin da ke cikin gurbi. Na ukun shi ake bi idan ba a faɗi komai ba, kuma ma'anarsa idan gurbi yana ɗauke da lambobi fiye da ɗaya, jam'i ne. Ga shafukan littafi wannan ya wadatar, domin shafi na 1-3 yawanci shafuka uku ne. Ni ne na kwaso ƙa'idar shafuka na ɗora wa sassan doka ban tsaya na yi tunani ba.

Na ce wa Barista zuwa la'asar an gama.

Talata, 4 ga Fabrairu

Ba a gama ba.

Dabarar farko: idan lambar dama ta gaza ta hagu, to ba jeri ba ne, suna ne. Wannan ta ceto 42 U.S.C. § 2000e-2, sashen dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ya haramta wariya wajen ɗaukar aiki. Ta ceto § 16-5-1 na kundin jihar Jojiya, inda lambobi uku ke nufin kashi da babi da sashe. Amma 2-207 hawa yake yi, ba sauka ba, don haka ya wuce ta gabanta ko kallonsa ba ta yi ba.

Dabara ta biyu: idan yawan alƙaluman hagu da na dama bai zo ɗaya ba, suna ne. Nan take 2-207 ya gyaru, na yi murna na kusan minti goma, sannan na gwada sassa na 9 zuwa 12 da na 98 zuwa 101, duk suka koma tilo. Gyaran gangar Auzinawa. Na goge duka biyun.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Jiya da dare wani tunani ya zo mini wanda na ɗauka shi ne mafita. Ai kara iri biyu ne. Akwai gajeren karan ɗori na kan allon rubutu, U+002D a lissafin Unicode (tsarin da ya ba kowane harafi da alama lamba a kwamfuta), akwai kuma dogon kara, U+2013, wanda masu ɗab'i ke sa wa tsakanin lambobi idan ana nufin daga kaza zuwa kaza. Sai in ce gajere suna ne, dogo jeri ne, shi ke nan.

Na buɗe bayanan da marubutanmu suka zuba a watannin baya don in ga ko haka suke yi. Ba haka suke yi ba, kuma ban ga laifinsu ba. Dogon kara ba shi da maɓalli nasa a yawancin allunan rubutu, don haka kusan kowa gajeren yake bugawa ko me yake nufi. Wasu manhajojin rubutu kuma sukan sauya gajere zuwa dogo da kansu idan an bar fili a gefe da gefe. Wanda ya kwafo daga fayil ɗin PDF kuwa, Allah kaɗai ya san abin da zai kwaso: na tarar da karan da ba ya yarda a raba shi a ƙarshen layi, U+2011, na tarar da alamar ɗebewa ta lissafi, U+2212, har da kara ɓoyayye, U+00AD, wanda ba a ganinsa a allo sam amma yana nan zaune cikin rubutun. A ido duk kamanninsu ɗaya ko kusan ɗaya.

A nan allura ta tono garma. Ina bin sawun 2-207 mataki-mataki sai na ga ko da marubuci ya buga gajeren kara daidai, kafin rubutun ya isa wurin da ake yanke hukuncin tilo da jam'i ya riga ya zama dogo. Wa ya sauya shi? Ni. Akwai wani matakin kwalliya da na rubuta tun farkon aikin, mai mai da duk karan da ke tsakanin lambobi biyu dogo, kuma na sa shi a gaba da komai. Wato ina shafe shaida da hannuna, sannan in zauna ina tambayar ina shaidar ta shiga. Shi ya sa a hoton Barista kuskuren biyu ne, ba ɗaya ba: ga §§ da bai kamata ba, ga dogon kara a tsakiyar sunan sashe. Ita ta farkon ta zagaye, na biyun bai ja hankalinta ba, ni ma sai yau.

Na mai da matakin kwalliyar can ƙarshe. Bai warware matsalar ba, amma aƙalla yanzu abin da marubuci ya buga shi ke isowa hannuna.

Ƙarin wata tangarɗa da na ci karo da ita a hanya: wasu tsofaffin bayanai suna nuna Â§ maimakon §. Alamar a tsarin UTF-8 bait biyu ce, C2 da A7, to idan aka karanta fayil da tsohon tsarin Latin-1 sai kowane bait ya fito da harafinsa. Wannan ba ta ɗauke ni rabin awa ba.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Na kira Barista a kan 17 U.S.C. § 107(1)–(4), abubuwa huɗu da kotu ke aunawa idan ana gardamar ko amfani da aikin wani ba da izini ba ya halatta. Manhajar ta ba shi §§, kuma ni a ganina daidai ta yi, tunda abu huɗu ake nufi.

"A'a, Injiniya. Sashe nawa ka gani a nan?"

"Ɗaya, amma ƙananan sassa huɗu ne."

"To alamar ba ta ƙananan ba ce. Ɗaki huɗu a gida ɗaya ba ya mai da shi gidaje."

Ƙa'ida ta 3.3 ta Bluebook haka ta tanada: ƙananan sassa da yawa a cikin sashe ɗaya, § ɗaya. Idan kuwa ƙananan sassan daga sassa dabam-dabam suke, kamar 106(1) da 107(2), sai a ninka. Ma'ana duk abin da ke cikin baka biyu ba ya shiga ƙidaya. Na ƙara da cewa a tsallake baka biyu da abin da ke cikinsu kafin a ƙirga, na rubuta wa kaina a gefe cewa wannan faci ne a kan faci.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Yau ranar waƙafi ce. "1331, 1332" jam'i ne, ba gardama. Amma alamar sakin layi, ¶ da ¶¶, hanya ɗaya take bi da § a manhajar, kuma akwai tarin rahotannin shari'a na Amurka da ke ba wa sakin layi lamba mai waƙafin dubbai a ciki, irin ¶ 95,342. Wannan sakin layi ɗaya ne. Na ce to waƙafin da babu fili a bayansa, kuma alƙaluma uku cif suka biyo shi, na dubbai ne. Sai ga wani marubuci mai gaggawa ya buga "107,108" ba fili, yana nufin sassa biyu. An gudu ba a tsira ba.

Haruffa ma sun shigo. 18 U.S.C. § 1028 da § 1028A sassa biyu ne masu zaman kansu, na biyun kan satar shaidar mutum mai tsanani. Haka majalisu ke yi idan suna son cusa sabon sashe a tsakiya ba tare da sun sake wa kundi lambobi ba. Matakin da na sa na cire maimaici yana watsar da harafi ya riƙe lamba, sai ya ga 1028 sau biyu, ya haɗiye ɗaya, ya fitar da tilo. Wannan ya fi na Barista muni nesa ba kusa ba. Alama da ta ninku ba dalili edita zai gani ya gyara. Sashen da ya ɓace kuwa ba wanda zai san ya taɓa kasancewa.

Sai kuma 17 C.F.R. § 240.10b-5, daga kundin ƙa'idojin hukumomin tarayyar Amurka, ƙa'idar hana zamba a cinikin hannun jari, mai aya da harafi da kara duk a suna ɗaya. Na dube ta, na rufe kwamfuta.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Jiya ban taɓa kod ba, takarda da biro na ɗauka. Kwana tara ke nan ina tambayar alamomin rubutu abin da ba su sani ba. Kara bai san ko shi jeri ne ko suna ba, waƙafi ma haka. Lauya da ya ga U.C.C. 2-207 bai taɓa ruɗewa ba, ba don ya fi manhaja iya kallon kara ba, sai don ya san yadda wannan kundin ke raɗa wa sassansa suna. Amsar tana jikin sunan dokar, a gurbin da ke maƙwabtaka da na lamba, ni kuwa ban taɓa leƙa shi ba wajen yanke hukunci.

Sabon tsarin mataki uku ne, kuma ba a yarda wani ya shiga aikin wani ba.

Da farko a duba wace doka ce, a ɗauko siffar sunan sashenta daga wani jadawali da na fara ginawa. Na U.C.C. lamba ce, wani lokaci da harafi kamar 2A, sai kara, sai lamba. Na Jojiya lambobi ne da kara a tsakaninsu. Na U.S.C. lamba ce da za ta iya ɗaukar harafi, kuma kara galibi bayan harafi yake shiga cikin suna, kamar 2000e-2. Da wannan siffa ake yanka rubutun marubuci zuwa sassa, kowane da ƙananan sassansa a rataye a ƙarƙashinsa. Bayan nan a ƙirga, kuma abin da ake ƙirgawa manyan sassa ne mabambanta, ba lambobi ba. Sai a ƙarshe a zo kan ado: wace alama, wane kara, wane fili.

Daɗin abin, facin baka biyu na ranar Juma'a ya faɗi da kansa, domin ƙananan sassa yanzu ba sa layi ɗaya da manya balle a ƙirga su. Na goge kod da yawa yau fiye da wanda na rubuta.

Wata riba da ban yi tsammani ba: tunda manhajar ta san cewa sunan sashe yana da kara a ciki, ta san kuma cewa jeri da dogon kara zai rikita mai karatu. Bluebook ya ce a irin wannan hali a raba da kalmar "to", kuma ana iya barin abin da ya maimaitu kafin alamar rubutu. Sai ya zama §§ 16-5-1 to -3. A da ba ni da hanyar yin wannan ko da na so. Na kuma kashe gajarta lambobi a sassa. A shafuka ana rubuta 1065–69, amma a sassa alƙaluman duka ake kawowa, §§ 1331–1332, ba 1331–32 ba.

Na san abin da za a ce: jadawalin nan ba shi da ƙarshe, jihohi 50 a Amurka kaɗai, kowace da salonta, ga sauran duniya. Gaskiya ne. Amma layi ɗaya ne ga kowane kundi, kuma idan layin ya yi kuskure, kundi ɗaya ya shafa. Dabarun makon jiya duk wadda na taɓa sai ta girgiza kowa.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Na juya kan sauran salo don in ga ko ginin zai ɗauki nauyi.

OSCOLA, na tsangayar shari'a ta jami'ar Oxford, bai ba ni wahala ba. Ba ya amfani da §, harafi yake sa wa ba tare da aya ba: Human Rights Act 1998, s 3, idan biyu ne kuma ss 3 and 4. Haka art da arts, para da paras, r da rr, reg da regs. Ƙidayar ɗaya ce, tufafin ne suka bambanta, don haka mataki na uku kaɗai na taɓa. A nan na fara yarda cewa rabon aikin ya yi daidai.

Faransanci ya fi sauƙi ta wani gefen, domin "art." ba ya sauya kama ko ɗaya ne ko goma. Amma kara yana nan daram a irin art. L. 121-1, kuma da ban sa siffarsa a jadawali ba da matakin kwalliya ya miƙar da shi.

Jamusanci ne ya tsayar da ni. § 823 Abs. 1 BGB (BGB shi ne kundin dokar farar hula na Jamus) tilo ne duk da lambobi biyu ne a ciki, domin Abs. sakin layi ne a cikin sashen, wato abin da Amurkawa ke sa wa a baka biyu su kalma suke sa masa. §§ 823, 826 BGB jam'i ne. Duk wannan sabon tsarin ya ɗauka. Sai ga §§ 433 ff. BGB: lamba ɗaya tak, amma jam'i, domin "ff." na nufin da sassan da ke biye. Ƙidayata ta ce ɗaya. Dole na ƙara wani nau'in jeri, mai farko ba ƙarshe, wanda ake ɗauka jam'i ko da ba a san yawansa ba. Takwaransa na Latin shi ne "et seq.", wanda Bluebook ya hana, yana son a faɗi inda jerin ya tsaya. Marubuta kuwa ba su daina bugawa ba. Na zaɓi manhajar ta bar shi yadda yake ta ja hankalin marubuci, domin ba aikinta ba ne ta ƙirƙiro masa sashen ƙarshe.

A tsarin mulkin Jamus Art. ake cewa, ba § ba, kuma wasu lauyoyin can suna ninka harafin ƙarshe a jam'i su rubuta Artt. Na bar wannan a matsayin zaɓi.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Wani abokin aiki mai jin Larabci ya leƙo allona ya tambaya, "Malam, biyu fa?" Larabci yana da siga ta musamman ga abu biyu, dabam da tilo, dabam da jam'i, don haka sassa biyu ba za su ɗauki kalmar sassa uku ba. Kalmomin CSL kuwa gida biyu gare su, na tilo da na jam'i. Jadawalin CLDR na Unicode, mai tattara ƙa'idojin harsuna, ya ware wa Larabci rukuni shida.

Sa'ar da na ci ita ce mataki na biyu adadi yake miƙawa, ba eh ko a'a ba. Da tsohon tsari ne da sai an rushe. Amma jeri kamar daga 5 zuwa 6 fa? A ido biyu ne, sai dai idan akwai 5A a tsakani uku ne, manhajar kuwa ba ta riƙe da kundin a ka. Na ajiye wannan, ba mu da mai bukatarsa yanzu.

Talata, 25 ga Fabrairu

Barista ta sake gudanar da maƙalar nan ta farko, 2-207 ya fito da § ɗaya da gajeren karansa. Amma ta dawo da wasu biyu.

Na ɗaya: marubuci ya kawo 28 U.S.C. § 1331 da 28 U.S.C. § 1332 a jere, manhajar ta haɗe su wuri ɗaya kamar yadda aka tsara ta, sai ta fitar da § 1331, 1332. Ana zaɓen alama kafin haɗewa, lokacin kowane tilo ne. Ciwon ranar 6 ga wata ne ya dawo da wata riga: mataki ya riga wanda ya kamata ya bi. Na matsar da haɗewa gaban ƙidaya.

Na biyu: wasu marubutan suna buga alamar da kansu a cikin gurbi, sai a samu § §§ 107–122. Na fara da share tasu in sa tawa, sai na tsaya. Mutumin da ya buga §§ da hannunsa ya faɗa mini abin da yake nufi, kuma shi ya karanta dokar, ba ni ba. Yanzu idan alamarsa ta dace da ƙidayata, shiru. Idan suka saɓa, tasa ake bi, a kuma sa masa launin rawaya a gefe.

Rawayan nan shi ne kuma amsar kundin da ba ya cikin jadawali. Idan manhajar ta ga lamba, kara, lamba, a dokar da ba ta san siffarta ba, ba ta ƙara yin cacar ko wanne ne. Tambaya take yi: sashe ɗaya ne ko jeri? Amsar da aka ba ta sai ta riƙe wa wannan dokar a cikin wannan rubutun. Na ji tsoron marubuta za su ga abin a matsayin gazawa. Barista ta ce, "Injiniya, tambaya ɗaya ta fi mini in bi bayanan ƙasan shafi ɗari biyu da jan biro." Ta dai roƙi a rage hasken launin, wai yana kashe mata ido.

Saura abu biyu a takardata. Filin da ke tsakanin § da lamba ya zama U+00A0, wanda ba ya yankewa, domin na ga alamar ta maƙale ita kaɗai a ƙarshen layi lambar ta sauka ƙasa. Sai kuma jimlar da ta fara da sashe, inda Bluebook ke son a rubuta kalmar cikakkiya maimakon alama. Ƙidayar tana nan, Section ko Sections ba matsala. Abin da manhajar ba ta sani ba shi ne inda jimla ke farawa, kuma ayar da ke ƙarshen U.S.C. ta riga ta yaudare ta sau biyu yau da rana. Gobe da shi zan fara.